Hannun Inna a Gefen Hoto

Inna ba ta taɓa yarda a ɗauke ta hoto ba. Ko ranar da na karɓi digirina, tana ganin an ɗaga waya ta ja mayafi ta juya baya. Da ta rasu, na nemi fuskarta a wayata ban samu ba.

Shagon ɗinkinta yana kan titi na 116 a unguwar Harlem, nan ƙasar waje inda muke zaune. Ni na buɗe masa shafi a intanet tun ina makaranta. Duk matar da ta zo gwada kaya, in ta yarda, sai in ɗauke ta a gaban madubi in ɗora. Manhajar shafin da kanta take yanke hoton ta bar rigar kawai a tsakiya, na asalin kuma ta ajiye shi inda ba mai gani sai ni.

Bayan sadakar arba'in, Kawu Habibou, ƙanen Inna, ya karɓi shagon. Wata Asabar ya kira ni.

"Ikram, abin nan naki ya ƙi karɓar hoto. Kayan salla sun taru, ba wanda ya gani."

Na je shagon na duba, wurin ajiyar hotuna ne ya cika. Sai an goge hotunan asali, a bar yankakkun.

"To goge mana, malamar kwamfuta! Me kike jira?"

Na buɗe guda ɗaya don in tabbatar. Wata amarya ce cikin shadda. A gefe, daidai inda manhajar ta yanke, ga hannu riƙe da bakin zani. Na san zoben azurfar nan. Na san tabon dutsen guga a bayan hannun.

Na buɗe wani, na sake buɗe wani. Inna tana nan. A wani kafaɗarta ce da tef ɗin awo, a wani ƙafarta cikin silifas ɗin da na sha yi mata tsiya a kai.

"Ba zan goge ba," na ce.

Kawu ya leƙo, ya gane. "Wannan ma shi ya fi cancanta a goge. Kin san ba ta so. Da ranta ba ki jin magana, yanzu ma haka?"

"Da ranta ni na zauna da ita a asibiti, Kawu. Kai waya kake bugowa."

Ya ce in ba shi lambar sirrin shafin. Na ƙi. Kafin sati ya zagayo, ƴan uwa daga Maraɗi sun cika min waya da saƙon murya, wai boko ya ɓata ni, wai ina hana mamaciya hutawa. Ban amsa ko ɗaya ba.

Kwashe hotunan duka zuwa wayata ba wuya, amma fuskokin matan mutane ne, amana ce. Don haka kullum in na taso daga aiki sai in zo in zauna a bakin teburin yanka, in buɗe su ɗaya bayan ɗaya. In yanko ɗan abin da ya rage min na Inna, in ajiye, in goge sauran. Kawu ba ya amsa gaisuwata. Matan da ke keken ɗinki in na shigo sai su yi shiru. Idanuna suna zafi, ban fasa zuwa ba.

Ana saura kaɗan in gama na tarar da wani hoto. Madubi ne ya kama Inna. Fuskarta gaba ɗaya, da fil a leɓenta. Ta hango wayar ta cikin madubin, hannunta ya riga ya kama mayafi zai ja, bai kai ba.

Ban san Kawu yana bayana ba sai da na ji numfashinsa.

"Yaya Balki," ya ce a hankali. Ya daɗe yana kallo. "Ikram, bar wannan. Shi kaɗai. Turo min, ba wanda zai sani."

Na kalli idanunta. Ni take kallo, ni da na riƙe wayar ran nan. Na san kallon, na girma da shi. Sauran hotunan ba ta san da su ba. Wannan kam ta gani, kuma ga amsarta a hannunta.

Na goge shi. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna.

Kawu ya zauna a kan kujerar keke ya rufe fuska da hularsa.

"Ba don kai na yi ba," na ce masa. "Wuri ya samu. Kawo kayan sallar."