Gyale Uku

A duk ajin masu digiri na biyu na makarantar kasuwancin nan, mace ɗaya ce ke yafa gyale, kuma ita kaɗai ce ta fito daga ƙasarsu. 'Yan ajin suna kiranta Jakadiya, don duk ranar da makaranta ke son nuna cewa ƙofarta a buɗe take ga kowa, ita ake nema. Baƙi za su zo, a kira Jakadiya. Za a yi taro da masu neman gurbi, a kira Jakadiya. Ita kuwa ba ta iya cewa a'a ba. Allah ya yi ta da kunya irin wadda ke sa mutum ya ci abin da ba ya so, har ya ce a ƙaro.

Ranar da za a ɗauki hotunan ƙasidar tallan makaranta, Madam, shugabar ofishin ɗaukar ɗalibai, ta ce mata ta zo da gyale kala-kala, wai don a ga wanda zai fi yin kyau a hoto. Ta zo da uku. Mai hoto ya tsayar da ita a kan matakala da shuɗin, tana dariyar abin da babu wanda ya faɗa. Ya ce ta sa jan, ya ɗauke ta ta baya a laburare tana miƙa hannu ga littafi. Sannan ya ce ta sa mai ruwan ɗorawa, ya aro mata tabarau, ya zaunar da ita a ƙarshen tebur inda kwamfuta ta kare rabin fuskarta. Da ƙasida ta fito, sai ga hotunan duka, kowanne a shafinsa.

Wani ɗan ajinsu ya ce, "Jakadiya, ashe 'yan uku ne ku, kika ɓoye mana?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. A lokacin abin dariya ne.

A gida tana da ƙanwa, 'yar ƙanwar mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Auta. Auta na aiki a wani kamfanin sufuri, kuma kanta na ja, har makarantu biyu suka ba ta gurbi. Ɗaya ƙarama ce, amma abokan aikinta mata biyu za su tafi can. Ɗayar kuwa ita ce ta su Jakadiya, mai suna, wadda ko a bakin kwalin digirinta aka ga tambarinta ana gyara zama. Matsalar ɗaya ce: Auta ba ta iya kaɗaici ba. Yarinya ce da ko shayi ba ta sha sai da abokin hira. An taɓa tura ta kwas wani gari ita kaɗai, ta dawo a rame kamar wadda ta tashi daga jinya. Tun daga nan Inna, mahaifiyarta, ta ce ba za ta sake barinta ta je inda babu nata ba. Jakadiya kuma za ta gama karatu ta bar garin kafin sababbi su iso.

Wata safiya suka kira ta ta bidiyo, uwa da 'ya, kai da kai a cikin waya. Auta ta ɗaga ƙasidar.

"Yaya, kin ga Inna ta fara sakkowa. Na nuna mata ba ke kaɗai ba ce."

Inna ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar. "Ke, waɗannan biyun, mai ja da mai tabarau, 'ya'yan kirki ne?"

Jakadiya ta dubi ƙasidar da ke hannun Auta. Shekara guda da rabi tana gaya wa mutanen gida cewa komai lafiya lau, tana da ƙawaye, tana cikin mutane. Yanzu kuma a gaban Inna za ta kwance wa kanta zani a kasuwa?

"'Ya'yan kirki ne, Inna."

"Za su kai baɗi a nan?"

"Suna nan."

"To, alhamdulillahi. Na yarda."

Jakadiya ta ajiye wayar. Ta ce wa kanta anjima za ta kira Auta ita kaɗai ta warware. Anjima ta zama gobe, gobe ta zama bayan jarrabawa. Madam kuwa ta tare ta a bakin lifta da fara'a, ta ce Auta ta amsa gurbinta, kuma wannan aikin Jakadiya ne, makaranta ba za ta manta ba.

Daga nan komai ya zame mata ƙaya. In ta shiga ɗan ɗakin ajiya da take salla a tsakanin kwalaye da karyayyun kujeru, sai ta hango Auta a wurin cikin zuciyarta. In 'yan aji suka fita shaƙatawa bayan darasi, inda a nan ake ƙulla abota da maganar aiki, ta tsaya a gefe da kofin lemo har ya huce a hannunta, sai ta ga Auta tsaye a gefen nan, Autar da ba ta iya minti biyar ba ta yi magana ba. Ita dai ta jure, don dama can miskila ce. Auta ba haka take ba, kuma ta fi kowa sani.

Auta ta nemi lambar mai ja. Jakadiya ta ce tana fama da jarrabawa. Ta nemi ta mai tabarau. Ta ce wayarta ta lalace. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, kuma ta fara jin ƙafarta na taɓa ƙarshensa. Ranar da Auta ta turo hoton turare kwalba biyu, ta ce Inna ce ta saya musu tsaraba don su riƙe mata 'ya da amana, Jakadiya ta kasa cin abinci.

Ta je ofishin Madam, ta zauna a bakin kujera, ta faɗi abin da ke damunta. Madam ta saurare ta tsaf, ba ta ɓata rai ba.

"Babu inda muka rubuta cewa mutum uku ne," in ji ta.

"Amma haka ake gani."

"Haka ake gani. Ke kanki, da hoton da babu mai kama da ke kika gani, da kin zo? In babu wadda ta zo don ta ga uku, har abada ba za a samu ukun ba."

Abin haushin shi ne maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Jakadiya ta fito tana jin kamar an wanke mata hannu da ruwan datti.

Da rana tsaka, tana haɗa kayanta a akwati, ta ci karo da gyalen nan uku a ƙasan durowa, a ninke tare. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta yafa shuɗin, ta jingina wayar da kofi a kan tebur, ta kira Auta.

Auta ta ɗauka a ofis. Teburinta fayau, sai kwali ɗaya da ta zuba tarkacenta a ciki.

"Yaya! Yau na yi sallama da su, har da kuka. Ya mutanena?"

"Ki tsaya ki kalle ni. Kada ki ce komai."

Ta cire shuɗin da ke kanta, ta yafa jan, ta juya wa wayar baya, ta ɗaga hannu kamar mai ɗauko littafi. Ta juyo. Ta sa mai ruwan ɗorawa, ta kare rabin fuskarta da hannu. Da ta sauke hannun, hawaye ya riga ya jiƙa gefen gyalen.

Auta ba ta motsa ba. Ana jin wani a bayanta yana jan kujera.

"Duk ke ce?"

"Duk ni ce."

"Babu kowa?"

"Babu kowa, Auta. Ki yafe mini. Kira waccan makarantar yanzu, ko Allah zai sa..."

"Sun ba wa wata. Tun makon jiya na ce musu ba na zuwa."

Jakadiya ta so a ce Auta ta zage ta. Ta so a ce ta kashe wayar a fuskarta, ko ta ce za ta haɗa ta da Inna. Da duk sun fi sauƙi. Amma Auta sai ta sunkuyar da kai, tana gyara bakin kwalin da babu abin da ya same shi.

"Da wa kike cin abinci, Yaya?"

"Ni kaɗai."

"Tun zuwanki?"

Ta gyaɗa kai.

Auta ta ja numfashi, ta share ido da bayan hannu. "Kada ki gaya wa Inna. Ba za ta iya barci ba." Ta ɗago ta kalli gyalen da ke zube a kan gado. "Kuma kada ki sa su a akwati. Ki bar mini su wurin mai gadi. Baɗi ni za su kira."