Gyaran Falon Baba

Mai Labule ake ce mata, kuma sunan ya bi ta har bayan da ta daina taɓa keken ɗinki. Da keke ɗaya ta fara, a barandar gidansu, tana ɗinka wa matan unguwa labule da rigar kujera. A wancan lokacin tana da wata ɗabi'a da ake yi mata dariya a kai. In an kira ta aiki, ba ta fito da tef ɗin awo sai ta zauna a ɗakin ta miƙe ƙafa. Ta sha ruwa, ta yi hira, idonta na kan inda maigida ke jefa makullinsa, da kujerar da tsohuwar gidan ta fi zama a kai, da tagar da ba a taɓa buɗewa. In an gaji an ce, "Baiwar Allah, awo kika zo ko yini?" sai ta yi dariya ta ce ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aiki ya yi kyau, baki ya kai wa baki. Cikin shekara tara ta tashi daga baranda ta koma shago mai ƙofar gilashi a bakin babban titi, da kafintoci, da masu fenti, da mai hoto, da wani manaja mai kaifin kai wanda ko atishawa ya yi sai ya duba agogo. Shi ya zo da sabon tsari.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "wannan zaman naki na yini guda, gida biyu ake aunawa a cikinsa. Masu gida su ba mu makulli su fita. Kwana uku mun gama. Mu ɗauki hoton kafin, mu ɗauki na bayan, mu sa a shafinmu. Ido ke saye, ba hira ba."

Kuma fa gaskiyarsa ce, kada a ci haƙƙinsa. Waya ta dinga ruri. Mai Labule ta daina zama a ɗakin kowa, har ta kai akwai gidajen da aka gyara da sunanta ba ta san launin ƙofarsu ba.

Ana cikin haka masu wani sabon otel suka neme ta. Ɗaki sittin, aikin da in ta samu ta wuce sa'a. Sai dai sun ce sun gaji da ganin hoton gidajen masu hali, waɗanda dama can da kyansu. Su a nuna musu tsohon ɗaki, wanda ya ji jiki, su ga abin da hannunta zai iya. Tana fitowa daga ofishinsu falon Baba ya faɗo mata a rai.

Baba, mahaifinta, tsohon direban babbar mota ne. Hawan jinin ido ya ɗauke masa gani shekara shida da suka wuce, yana zaune da ƙanwarsa, Gwaggo, tun rasuwar mahaifiyar su Mai Labule. Amma in ka shigo gidan baƙo, wallahi sai ka sha ruwa ka tashi ba ka gane ba ya gani ba. Zai fito daga ɗakinsa, ya ratsa falo, ya kunna rediyo, ya shiga banɗaki, ya fita ƙofar gida wurin abokan hirarsa, ba sanda ba ɗan jagora. Wannan shi ne abin taƙamarsa a duniya. In wani ya yi karambanin kama masa hannu, sai ya fizge ya ce wanda ya yi shekara talatin yana juya tirela ba a nuna masa hanyar banɗaki.

Falon kuwa, ita dai kunya yake ba ta. Ga wani baƙin layi na dattin hannu a jikin bango, daga ƙofar ɗakinsa har ƙofar waje. Ga kafet da gefensa ya tattare. Ga kujera mai hannu ɗaya a ɗaure da waya. Ga agogon bango da ke ƙwas-ƙwas har maƙwabta na ji, da ƙofar da in an buɗe ta sai ta yi kuka. A ce mace tana ƙawata gidajen mutane, gidan ubanta na haka? Sau nawa ta ce a gyara, shi kuma amsarsa ɗaya: "Bar shi, Uwata. Ni da shi mun saba."

Sai ga dama ta samu. Likita ya ce a kawo Baba gwaji, ƙaninta ya ce tunda asibitin kusa da shi yake, Baba ya yi kwana uku a wurinsa. Kwana uku cif, kamar da gayya.

"Kin tambaye shi?" in ji Gwaggo.

"Haba Gwaggo, ai ba-zata za mu yi masa. Kuma in mun gama, kicin ɗinki ne na gaba."

Gwaggo ta buɗe baki, ta tuna da kabad ɗinta da gara ta cinye, ta rufe.

Ranar da aka fara aikin Mai Labule ba ta ma je ba, tana can tana shan shayi da masu otel. Ma'aikata suka shiga da ƙarfinsu. Aka kankare bango aka yi masa fenti ruwan madara mai santsi. Aka naɗe kafet aka shimfiɗa tayil mai ɗaukar ido. Aka sa dogayen kujeru masu laushi, da teburin gilashi a tsakiya, da agogon da ba ya ko numfashi, da ƙofar da ke rufe kanta a hankali. Da ta zo a rana ta uku ta tsaya a bakin ƙofa, sai da ƙwalla ta taru mata don daɗi. Ba ta taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba, kuma wannan ma gaskiya ce.

Da la'asar ƙaninta ya kawo Baba. Ya sauko daga mota da kansa, ya tura ƙofa, ya tsaya. Ya karkata kai yana saurare.

"Agogon nan ya tsaya ne?"

"Sabo ne, Baba!" in ji Mai Labule. "Shi ba ya ƙara. Gyara muka yi maka, komai sabo."

Ya kai hannu bango, ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Ya ɗaga ƙafa yana laluben gefen kafet, ƙafar ta zame kaɗan a kan tayil. Duk da haka ya daure ya yi taku uku irin na da, da saurinsa, sai ji kake ƙwal! Ƙwaurinsa ya haɗu da teburin gilashi.

"To fa," in ji shi, yana dariya yana murza wurin. "Ashe an kafa shingen bincike a hanyar. Ba a ba direba labari ba."

Kowa ya yi dariya, har da ita. Ya ce ta faɗa masa launin kowane abu, ta faɗa. Ya ce Allah ya yi albarka, Allah ya ƙara buɗi, ya maimaita har sau uku. Ta tafi gida zuciyarta fari tas.

Hoton kafin da na bayan suka yi aikinsu. Masu otel suka sa hannu. Mako uku Mai Labule ba ta zauna ba, daga wurin masu yadi sai wurin kafinta. In ta kira Baba a waya, lafiya lau, falo sai hamdala. Ranar da ta shiga na huɗu Gwaggo ta kira ta, ko gaisuwa babu.

"Ke, zo ki ga ubanki."

Ashe tun makon farko ya faɗi. Ruwa kaɗan ya zuba a tayil, ya zame, ya bugu a ƙugu. Ba karaya, ciwon ma ya warke. Amma tun daga ranar bai ƙara tashi shi kaɗai ba. Abokansa sun yi sallama a ƙofa har sun gaji, ya ce a ce musu yana hutawa. Abin da ya sa Gwaggo ta kasa haƙuri shi ne ta lura kofin ruwansa na yini a cike.

"Ba ya sha," in ji Gwaggo. "Don kada fitsari ya kama shi ya ce in kai shi. Yayana, da girmansa! Ni ma da laifina, kabad ya rufe mini baki."

Mai Labule ta zo gidan, ta tsaya a tsakiyar falo. Sai a lokacin ta ga falon da idon da ta daina amfani da shi. Baƙin layin nan na bango hanyarsa ce. Gefen kafet ɗin da ya tattare shi ke gaya masa ya kai kwanar banɗaki. Ƙarar agogo ke nuna masa inda ya fuskanta, kukan ƙofa ke gaya masa an shigo. Ta biya mutane sun kwashe su tas cikin kwana uku, har ta yi musu kyauta don sun yi sauri. Da ta zauna yini ɗaya, yini ɗaya tak, irin zaman da take yi wa bare a da!

Ba ta tsaya kuka ba, ta ce a mayar da komai. Aka samo kujera mai hannu ɗaya a bayan shagon kafinta, ruwa ya ɗan taɓa ta. Agogo na nan, Gwaggo ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Kafet kam an ƙone shi, sai aka sayo mai kama da shi aka tattare gefen da hannu. Aka fitar da teburin gilashi da dogayen kujeru. Saura a ajiye kowane abu a mazauninsa, sai ta ce mai hoto ta turo mata hoton kafin.

Ta duba hoton, ta sake dubawa. Kujerar Baba na tsakiyar falo a karkace. Rediyo na ƙasa. Ƙaramin tebur na kife a jikin taga, an watsa tsofaffin jaridu ko'ina.

"Wannan ba falon Baba ba ne. Yaushe ya taɓa zama haka?"

"Ranki ya daɗe," in ji mai hoto a waya, a sanyaye, "ai kullum haka muke yi. Sai mun ɗan hargitsa ɗakin kafin mu ɗauka, don bambancin ya fito sosai. Ke ma kin ce dabarar ta yi."

Ta ce, ƙwarai ta ce. Ta nemi takardar awo wurin manaja, ta tarar da tsawon bango da faɗin taga kawai. Wa zai ɓata lokaci yana auna mazaunin abin da za a zubar?

Suka taru su uku suna gardama. Gwaggo ta rantse kujerar na dama da taga. Ƙaninta ya ce hagu, har yana cewa a nan ya sha bulala yana yaro. Ita kuwa, wadda aka haifa a gidan, wadda ke iya faɗar faɗin labulen otel ɗaki sittin da ka, ta rasa ko ƙusar da ake rataye rediyo a kafaɗar Baba take ko a saman kansa. An cike ramin ƙusar, an bi da fenti. Da abin ya ƙi, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, don Allah gaya mini. Daga ƙofarka zuwa kujera taku nawa ne?"

"Uwata, ai ban taɓa ƙirgawa ba. Ƙafa ce ta sani, ita kuma ba ta magana."

Suka ajiye yadda suka fi zato. Aka rataye agogo, ya ci gaba da ƙwas-ƙwas ɗinsa. Baba ya miƙe don ya faranta mata, ya bi bango, ya saki, ya miƙa hannu inda kujera ya kamata ta kasance. Hannun ya kama iska. Tazarar ba ta fi tafin hannu ɗaya ba, amma ta ga yadda fuskarsa ta yi kafin ya gyara ta.

"Kusan haka ne," in ji shi. "Kin yi ƙoƙari."

Sau biyar tana matsar da kujerar nan a makon, kullum amsar kusan haka ne. Aikin otel ya ci gaba, ya kuma yi kyau. Mutane na shigowa shago da hoton falon Baba a wayarsu suna cewa irin wannan suke so, ita kuma ta ce to.

Wata ranar Talata da hantsi ta bar ma'aikata ta zo gidan. Ta cire takalmi a waje ta shiga, ba ta kai ga yin sallama ba ta hango shi, sai ta tsaya. Yana zaune a kujerarsa shi kaɗai, Gwaggo na can baya tana wanki. Ya dafa hannun kujera ya miƙe. Ya tsaya yana sauraren agogo. Ya miƙa hannu gaba, ya ɗaga ƙafar dama, ya yi taku ɗaya. Ya daɗe a haka, leɓensa na motsi. Sannan ya ja ƙafar baya a hankali, ya laluba, ya zauna. Ya goge fuska da tafin hannu, ya kira Gwaggo da ƙaramar murya, irin ta mai roƙon alfarma.

"Ga ni, Baba," in ji Mai Labule.

Ya ɗan firgita. "Au. Ke ce? Tun yaushe?"

"Yanzun nan."

Ya san ƙarya take, ita ma ta san ya sani. Ya miƙo mata hannu, ta kama, ta ji ya riƙe ta gam. Suka fara tafiya a hankali. Sun kusa ƙofar banɗaki ya matso da bakinsa kusa da kunnenta.

"Kada ki gaya wa Gwaggonki na gwada," in ji shi. "Sai ta sa rai."