Awon Bindigar Baffa Shitu

Bindigar Baffa Shitu ta fashe da kaka, a dajin da ke yamma da Kafin Dafga. Allah ya tsare hannunsa, amma bututunta ya tsage har gindi. Ta ubansa ce, doguwa, mai tashi da dutsen ƙanƙara, irin wadda fatake ke kawowa daga kudu tun kafin zuwan Nasara. Da ita yake samun fatun da yake kai wa dillalan kamfani a Ƙaraye, kuma farautar rani ta gabato.

Ya kai ɓaraguzanta wurin Ilu maƙeri a Rogo, ya ce a ƙera masa irinta, kada a sauya komai. Ranar kasuwa ya koma da ɗansa Sulle, magidanci mai iyali, wanda har yanzu bin uban nasa daji yake yi, ba a yarda ya harba ba.

Bayan an gaisa, an tambayi gida da gajiya, Ilu ya shimfiɗa bindigogi uku a tabarma. Ya ɗaga wata gajeriya daga ciki.

"Ga ta zamani, Shitu. Ba ruwanta da ƙanƙara, 'yar hular tagulla ake sa mata. Ko cikin ruwa tana tashi."

"In hular ta ƙare fa? In je kanti in durƙusa wa akawu?"

"To ga wannan, na yi mata ado."

"Amarya zan kai?"

Ilu ya yi dariya. "Tun muna yara kai ba a yi maka gwaninta."

Ta ukun ce Baffa ya daɗe yana juyawa. Itacenta kirya ne, kamar na wadda ta fashe. Ya ja kunamar ya saki, ƙanƙara ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya zuba daidai inda albarushi ke zama. Ya sake gwadawa. Bai yaba ba, amma bai ajiye ta ba.

Ya fita bakin maƙera, ya kai ta kafaɗa, ya auna wani gawo. Bakin bindigar ya riƙa rawa. Ya sauke, ya ja numfashi, ya sake ɗagawa. Rawar ta ƙaru.

"Ta yi nauyin gaba," in ji shi.

"Nauyinta ɗaya da ta ubanka, tsawo ma ɗaya," in ji Ilu. "Zo mu yi awo."

A maƙerar Ilu ba a sallamar bindiga sai an kafa gindinta a ƙasa, an yanke bakinta daidai haɓar mai ita. Baffa ya tsaya, ya miƙe iyakar miƙewarsa. Bakin bindigar ya wuce haɓa, ya wuce hanci, ya tsaya a girarsa. Da, tsawon nan a haɓarsa yake tsayawa. Bai san yaushe ya rage haka ba.

Ilu ya ɗauko zarto, ya daina wasa. "In na yanke a haɓarka, za ka iya riƙe ta bana, wataƙila har baɗi. Amma fa ba irin ta ubanka ba ce kuma. Zaɓi naka ne."

Baffa ya dubi zarton. Ya tuna ranar da ubansa ya zauna a gindin tsamiya ya ce ƙafa ke masa ciwo, shi Shitu ya ɗauki bindigar ya shiga dajin. A lokacin ya ɗauka ƙafar ce da gaske.

"Sulle."

"Na'am, Baba."

"Tsaya nan."

Sulle ya dubi Ilu, sannan ya matso. Aka jingina masa bindigar. Bakinta ya zauna ƙarƙashin haɓarsa, ko yatsa ba zai shiga tsakani ba.

"Mai da zarton," in ji Baffa.

"Baba, ai kai ne..."

"Na tambaye ka? Ɗaga ta. Ga gawo can."

Sulle ya kai ta kafaɗa. Bakin bindigar bai motsa ba. Baffa ya zaga bayansa, ya buge masa gwiwar hannu.

"Sauke wannan. Ba taɓarya aka ba ka ba."