Akwatin Magana a Kasuwar Isa

Shekarar da En'e, hukumar gargajiya ta zamanin Nasara, ta kawo akwatin magana Isa, a gindin tsamiyar kasuwa aka girka shi, aka rataye wayarsa a reshe. Malam Wada, ma'aikacin En'e, shi ke kunna shi da la'asar, mutane su taru su ji labarin duniya da farashin gyaɗa.

Labbo, wani falke mai kai goro ƙasar Faransi ta ɓarauniyar hanya, bai yarda da shi ba tun farko. Sai ga shi 'yan duwan, masu tsaron iyakar Faransi, sun tare shi a daji sun ƙwace kayan jakunansa. Da ya dawo ya tuna a gindin tsamiyar nan ya shirya tafiyar da abokin fataucinsa, Alhassan.

"Abin da ad da baki, shina da kunne," in ji Labbo.

Maganar ta bazu. Masu rumfuna suka ja da baya, masu sauraro suka koma raɗa. Malam Wada ya buɗe bayan akwatin ya nuna musu, ba komai sai wayoyi da 'yan kwalabe.

"Ina kunnen nan, Labbo?"

"Wayag ga da ta hau icce, ina ta nufa?"

Labbo ya ƙudura sai ya gwada. Ran kasuwa da hantsi, akwatin na kashe, Wada na goge shi, Labbo ya ja Alhassan kusa ya ɗaga murya: "Jibi za ni ƙetare ta Burkusuma." Ranar kuwa ko ɗaure jaki bai yi ba. Bayan kwanaki wasu makiyaya suka ce sun ga 'yan duwan kwance cikin sabara a mashigar Burkusuma, suna jiran wani mai goro.

Labbo ya shiga gida yana huci, ya gaya wa matarsa Saude ya kama akwatin.

Ta ajiye taɓarya. "Ku nawa ag gun sa'ad da ka yi maganar?"

"Ni, da Wada, da Alhassan."

"To, wane ka kama?"

Labbo ya shiga lissafi. Wada albashin Nasara yake ci. Alhassan kuwa tare suka tashi, amma kayansa ba a taɓa ƙwacewa ba.

Labbo bai tuhumi kowa ba. Da kaka ta yi sai ya fita fatauci shi kaɗai, bai gaya wa ko Saude hanyar da za ya bi ba. Alhassan ya zo ƙofar gida ya yi ta sallama, aka ce masa Labbo ya yi nisa.