Turken Marigayi

A mashigin da ke fuskantar tsibirin, kowane kwale-kwale da turkensa. Ƙa'idar tsohuwa ce: muddin jirginka yana ɗaure kuma yana bisa ruwa, turken naka ne. Ranar da ya nutse, wani ya kawo igiyarsa.

Turken mijin Gwaggo shi ne na farko, dab da matakalar da baƙi ke sauka in za su haye kallon tsohuwar ganuwa. Mijin ya rasu, kwale-kwalen yana yoyo. Kullum da safe Gwaggo takan sauko da tsohon kwano, ta tattare zani, ta kwarfe ruwan da ya taru. Tana riƙe wa Auta wurin ne, ɗanta da ya tafi karatu wata ƙasa, ya samu aiki, ya zauna.

Dogo mai jirgin inji can ƙarshe yake ɗaurewa, cikin laka. Kafin baƙi su iso gare shi wasu sun kwashe su.

"Amaryata, yau ma wanka ake wa tsoho?" in ji Dogo.

"Wa zai auri mai warin fetur? Matsa, kana tare min haske."

"Ki bar min turken nan, in riƙa kai ki tsibiri kyauta."

"Me na ajiye a tsibiri? Mai wurin yana tafe."

Da la'asar Auta ya kira. Ta fita tsakar gida inda waya ta fi ji. Ta ba shi labarin katakon gindi da ya ruɓe, da kwaltar da ta ƙi kamawa.

"Inna, wai har yanzu kina shiga ruwan nan? Da ƙafarki mai ciwo?"

"To wa zai shiga?"

"Ki bari. Ni ko filafili ban iya riƙewa ba. In na zo ma, kwana nawa zan yi?"

Ta ce to. Ta tambayi lafiyar yara. Wayar ta yanke, bai sake kira ba.

Washegari ta kwarfe jirgin tas, har ta goge shi da tsumma. Ƙullin igiyar ya ƙi kwantuwa, tun hannun marigayi yake. Ta kira Dogo ya zo da wuƙa.

"Gwaggo, wasa fa nake yi."

"Ni ba wasa nake ba. Yanke. Ka ja shi zuwa tsibiri, ka ɗora shi kan yashi. Ba na so ya nutse ina kallo."

Ya yanke. Ta tsaya a matakala har ya kai wancan gefe, ta ga ya ja shi ƙarƙashin ganuwa ya kife shi.

Gari ya waye, ƙafarta ta kawo ta mashigi kafin ta tuna. Kwanon yana hannunta. Sabuwar igiya shuɗiya a turken, baƙi sun cika jirgin Dogo, yana miƙa musu rigunan hana nutsewa. Ya ɗaga mata hannu, ya faɗi wani abu, ƙarar inji ta haɗiye.

Ta zauna a matakala ta sama, inda ba ta tare wa kowa hanya. Da rana ta yi zafi ta tashi. A gida ta zuba wa kaji ruwa a kwanon.