Koren Gari a Kwabban Wendelin

Roswitha ba ta taɓa son kwabban nan ba. Mijinta Wendelin mai gyaran rufin gidaje ne, kuma tun suna amare, in ya taso daga aiki ya wanke hannu, sai ya gangara ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan, ya zauna da su har abinci ya huce. Ba na zinariya ba ne, ba na azurfa ba. Manyan kwabbai ne na tagulla, masu nauyi a hannu, irin waɗanda biranen da ke ƙarƙashin daular Rumawa suka buga wa kansu shekara kusan dubu biyu da suka wuce. Na Afisa, na Tarsus, na Iskandariya, kowanne a kwance cikin gurbinsa a aljihun kabad, da 'yar takarda a ƙarƙashinsa mai sunan garin da inda aka samo shi. Ita dai yankakken dankali take ce musu.

"Ka bar dankalin nan naka ka zo ka ci na gaske," haka take kwaɗa masa kira daga saman matakala.

"Ga ni nan, tsohuwa. Mutanen Tarsus na gaishe ki."

"Ka ce musu ba na amsawa."

Shekarar da kogin garinsu ya yi ambaliya, ruwa ya cika ɗakin ƙasa, ya hau falo, ya kai rabin tagogi. Su biyun sun tsira a saman bene. Da ruwan ya janye sai ya bar laka mai warin man dumama gida, ga buhunan gishirin da Wendelin ke ajiyewa don narkar da ƙanƙara a ƙofar gida sun narke a ciki. Duk wanda ya ce masa ya jira masu aikin ceto sai ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗauki shebur yana kwashe laka daga matakala, yana son ya kai ga kabad ɗinsa. A nan maƙwabci ya same shi a zube, baki ya karkace. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi.

Aka rufe gidan, aka ce bango na iya faɗuwa. Sai bayan makonni 'yan sa-kai suka fasa kabad ɗin, suka juye kwabban a bokiti, suka fesa musu ruwa, suka ƙulle a leda da danshinsu. Da kyakkyawar niyya suka yi. Takardun kuwa sun zama kunu.

Roswitha ta koma ɗakin sama na gidan yayarta Mechthild, can kan tudu. Wendelin aka kai shi gidan jinya a gari na gaba. Ledojin suka zauna ƙarƙashin gado har ganye ya fara zuba, ranar da ta jawo su don ta share wurin. Ta kwance guda. Kwabban da ta sani baƙaƙe-baƙaƙe masu sheƙi sun yi furfurar wani koren gari mai haske, laushi kamar garin alkama. Ta goge ɗaya da bakin siket, sai ga rami a kuncin sarkin da ke jiki.

Ta kira Thelen, tsohon mai kantin magani, abokin Wendelin kuma abokin hamayyarsa. Shekara da shekaru suna rige-rigen sayen irin kwabban nan, suna zagin juna a kan kofi. Ya hawo benen yana haki, ya sa madubin ƙara girma a ido, ya daɗe yana jujjuya kwabon.

"Ka yi magana mana, Thelen. Yau kuma bakinka ya mutu?"

"Ciwon tagulla ne," in ji shi. "Gishiri ya shiga jikinsu, danshi ya tashe shi. Daga ciki yake ci."

"A wanke su."

"Ba datti ba ne, Roswitha. Garin nan da kike gani, kwabon ne da kansa."

"To, maganin fa? Kai ba mai magani ba ne? Ko duk shekarun nan ruwan sukari kake sayar mana?"

Ya yi 'yar dariya. "Bakinki dai ruwa bai tafi da shi ba. Akwai abin da ake yi. Wani ya tsira, wani ya dawo da ciwon. Da guda biyar ne ko goma, da na ce bismilla. Amma wannan tulin?"

"Nuna min kawai."

Ya nuna mata. A kankare garin da tsinken sakace, a jiƙa kwabon a tataccen ruwa da wani farin gari mai kamar kanwa, a riƙa canja ruwan, a busar a tandar gasa burodi da wuta kaɗan, a raba masu ciwo da masu lafiya. Ta kwashe kwalaben Mechthild ta jera a taga, a kan teburi, har ƙasa. Duk hunturun nan da aikin ta tashi, da shi ta yini. Yatsunta suka tsattsage. Mechthild ta yi mita har ta gaji.

"Ke da kika ce ranar da mijinki ya mutu, a kogi za ki zuba su?"

"Ai bai mutu ba."

Ba ta san sunan ko ɗaya ba. Sai ta raɗa musu nata: mai gemu, mai wuyan bijimi, yaron nan mai kunne, matar da ke riƙe da kwando. Tana kankarewa tana ganin abin da ba ta taɓa tsayawa ta gani ba, haikali mai ginshiƙai shida, jirgin ruwa da matuƙansa, wani maciji a naɗe. Wani lokaci tsinken na taɓa ginshiƙi sai ginshiƙin ya bi tsinken. Waɗanda ta busar ta ajiye a gefe tana murna, in ta duba bayan 'yan makonni sai ta ga ɗigon kore ya sake tsirowa a bakinsu.

Ta tambayi Thelen ko gidan tarihi na birni zai karɓa, su da ke da ƙwararru. Ya je ya dawo yana kaɗa kai. Sun ce ba sa karɓar abin da ba shi da takardar asali, kuma ba za su shigo da ciwo cikin nasu ba. Dillalai ma haka.

"Da Wendelin zai iya magana," in ji Thelen, "da ya faɗi inda ya samo kowanne, har da ranar da irin ruwan da ake yi. Ni kaina rabin su na sani, kuma rabin nan ma don ya ƙwace min su ne."

Ranar Laraba da Lahadi take shiga bas ta je wurin Wendelin. Yana zaune a keken guragu kusa da taga, an aske masa gemu ba yadda yake so ba. Kalma ɗaya ta rage masa, "to", da ita yake gaisuwa, da ita yake fushi. Amma hannun hagu na aiki. Da ta zauna sai ya zana da'ira da yatsa a kan bargo, ya dube ta.

"Suna nan lafiya," take cewa. "Na wanke su tas. Suna jiranka."

"To."

Haka ta yi ta faɗa har ƙanƙara ta narke. Sai ya daina yarda da maganar baki. Ya zana da'irar, ya buɗe tafin hannu, ya miƙo mata. Ta ce ta manta. Zuwa na gaba ta ce jaka ta yi nauyi. Ya buga hannun kujera har ma'aikaciyar jinya ta leƙo.

Ta gaya wa Thelen. Ya zauna ya tona waɗanda suka fi kyan gani, ya zaro wani babba na Iskandariya, mai hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya a bayansa.

"Kai masa wannan. A kansa muka yi wata uku ba ma gaisawa. Ya fi sauran jurewa."

Akwai ɗan tabo a gindin hasumiyar. Ta kankare shi, ta shafa kakin zuma ta goge har ya yi sheƙi. In ba an ƙura ido ba, ba za a gani ba.

Ranar Lahadi ta sa masa a tafin hannu. Fuskarsa ta buɗe, ɓarin da ke motsi ya yi murmushi. Ya auna nauyinsa, ya juya shi da yatsu, bai ma duba ba. Sai babban yatsansa ya bi ta kan hasumiyar, ya tsaya. Ya koma ya sake bi. Ya danna da farce. Fatar kwabon ta burma kamar ɓawon ƙwai, koren gari ya fito ya maƙale masa a farce.

Ya ɗaga yatsan kusa da ido ya daɗe yana kallo. Sannan ya ajiye kwabon a cinya, ya zana da'ira a bargo, ya zana wata, da wata, da wata, da sauri, har bargon ya tattare. Ya dube ta.

Ta buɗe baki za ta ce wannan ne kaɗai. Ta ga idonsa, ta fasa.

"Kusan duka, Wendelin. Gishirin ne. Ina ta yi, wallahi ina ta yi, amma dawowa yake. Takardun ma babu."

Bai ce "to" ba. Ya sa bayan hannu ya ture kwabon, ya faɗi ƙasa da ƙara mai nauyi, ya gangara ƙarƙashin gado. Ya juya fuska wajen bango. Ta zauna har lokacin bas ya yi, ta gyara masa bargo, ta fita.

Ranar Laraba ma'aikaciyar jinya ta tare ta a ƙofa da kwabon a naɗe cikin takardar goge hannu.

"Mai shara ce ta tsinta. Naku ne, ko? Kuma Madam, tun ranar nan ba ya cin abin kirki. Ko kin san abin da ya faru?"

"Na sani," in ji Roswitha, ta jefa shi a jaka.

Ta shiga ta zauna. Ta ba shi labarin gari: an rushe gidan maƙwabcinsu, nasu ma an ce ba zai gyaru ba, Thelen zai koma wurin ɗansa a arewa saboda ciwon gwiwa. Hannunsa na hagu na kwance a kan bargo, bai motsa ba. Ta yanka kek ɗin tuffa da ta kawo, ta kai masa baki, ya rufe leɓe. Ta jira ko zai tambaya, har ta shirya abin da za ta ce, cewa akwai kamar guda ashirin da ciwon bai dawo musu ba tukuna. Bai tambaya ba, ran nan ko bayan nan.

Da Thelen ya zo sallama, ya tsaya a ƙasan bene don ba ya iya hawa, ya ɗaga murya.

"In turo miki sauran garin jiƙon? Akwai gwangwani biyu a wurina."

Roswitha ta leƙo daga sama, hannunta jiƙe.

"Turo," ta ce. "Me zan yi da rana in ban yi wannan ba?"