Turmin Inna Ba Ya Dakan Dutse

Ni Lubabatu, duk ƙauyenmu an san ni da baki, kuma ban taɓa musawa ba. Amma shekarar da aka fara haƙar zinare a dajin bayan garinmu sai aka ƙara mini wani suna, aka ce na taɓu. To, bari ku ji irin taɓuwar.

'Ya'ya biyu na binne kafin Hamida, dukansu a bakin yaye. Da an cire su daga nono sai su fara zubewa, gashi ya yi ja, ciki ya fito, shi ke nan. Ranar da na ga wuyan Hamida ya fara sirancewa, tsoro ya kama ni har cikin ƙashi. Na ce wa maigidana Sufyanu gobe kasuwar Bukkuyum ce, kuma asibiti za ni da ita. Ya dubi fuskata ya ga babu wurin gardama, ya tsayar mana da ɗan kabu-kabu.

Malamar asibiti ta ɗora ta a ma'auni, ta duba idonta, ta ce, "Ba ciwo gare ta ba, yunwa ce."

Na ce, "Yunwa? A gidana? Malama, ki iya bakinki. Rumbunmu bai taɓa ganin ƙasa ba."

Ta yi dariya, ba ta ji haushi ba. Ta ce kunun gero zalla cika ciki yake yi, ba ya gina yaro. Akwai garin gwangwani a kemis, in ina da hali. Amma in na saya yau, sati mai zuwa fa? Sai ta lissafa mini abin da zan haɗa da kaina: gero, waken suya, gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a haɗa da ganyen zogale da aka shanya a inuwa. Ta ja mini kunne a kan inuwar nan, ta ce rana tana cinye amfaninsa.

Na shiga kasuwa. Na ga gwangwanin, da hoton wani jariri mai kumatu kamar an hura shi. Na tambayi kuɗinsa, na mayar da shi inda na ɗauko a hankali, kada ya faɗi a ce ni ce. Can gaba wani mai mota da lasifika yana tallar wani gari a leda, wai kwana bakwai yaro ya yi ɓul-ɓul. Mata sun yi masa caa. Na kutsa na ce, "Malam, mi ke ciki?"

Ya ce, "Hajiya, wannan sirrin sana'a ne."

Na ce, "To riƙe sirrinka. Abin da ba ka iya faɗin sunansa ba ya shiga cikin ɗiyata."

Na auni wakena da gyaɗata na dawo gida. Zogale kuwa ga shi nan bayan ɗakina, awaki ne kawai suka san darajarsa.

Na soya, na surfa, na shanya ganye a cikin ɗaki bisa faifai har kwana huɗu. Saura niƙa. Injin niƙa ɗaya ne a garinmu, kuma na yayana ne, Makau, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da ya kafa shi bai taɓa karɓar ko sisina ba. Sai dai a shekarar nan injin ya sami sabon aiki. Da safe dutsen zinare yake niƙa wa masu haƙa, bayan la'asar a goge shi da tsumma a zuba hatsi. Kowa haka yake kai nasa, ni ma na kai.

Garin ya fito laushi luƙui, har na ji daɗi. Na dama, na ɗebo a ludayi na kai bakina kafin nata, kamar yadda na saba. Sai na ji garas a haƙorina, da wani ɗanɗano kamar na lashi tsohon ƙarfe. Na tofar. Na tankaɗe garin sau biyu na sake damawa, yana nan. Hamida tana miƙo hannu tana kuka, ni kuwa na tsaya da ludayi, sai na tuna da agwagin Yaya Makau. Kullum suna kiwo a gindin injin nan, suna tsince abin da ya zube. Ɗazu da na je ban ga ko ɗaya ba.

Ni ba likita ba ce. A lokacin ba wanda ya taɓa faɗa mana cewa dutse yana da guba. Abin da na sani kawai, akwai wani abu a garin nan da ban zuba ba, kuma ban san sunansa ba. Na ɗauki ƙwaryar gaba ɗaya, aikin kwana biyar, na haƙa rami bayan gida na binne. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ganni, ta dafe ƙirji tana salati. Kafin magariba duk gari ya ji Luba ta binne abinci.

Washegari na sami Yaya Makau a bakin injin, ya yi fari fat da ƙura har gashin ido.

Na ce, "Yaya, ina agwaginka?"

Ya ce, "Ciwo ya shigo musu. Ke kuma mi na ji kin yi da garin da na niƙa miki?"

"Na binne shi. Ƙurar dutsenka na ciki."

"Ƙasa ce hwa, Luba. Wa ƙasa ta taɓa kashewa? Muna yara ba mu ci ba?"

"Wagga ba irin waccan ba ce. Ka raba injin, ko dutse ko hatsi."

Mutane sun taru, kuma ni ban iya magana a hankali ba, wannan laifina ne na sani. Fuskarsa ta canza. Ya ce ashe abin da zan saka masa da shi ke nan, in tsaya gaban jama'a in ce yana ba mutane guba. Ya ce kada in sake kawo ko ƙwayar gero wurinsa. Na ce ko ya roƙe ni. Na juyo ina huci, amma wallahi ina shiga gida na fashe da kuka, don shi ya goye ni lokacin da Inna take gona.

Na jawo turmin Inna. Shi kaɗai na gada daga gare ta, na kirya ne, bakinsa ya sha hannu har yana ƙyalli. Na sake soya wani waken, na daka da hannuna. Duk wadda ta taɓa dakan waken suya ta san ba wasa ba ne. Ka daka, ka tankaɗe, ka mayar da tsakin, ka sake dakawa. Tafin hannuna ya yi ƙuruji, ya fashe, ya yi kanta. Amma kunun ya fito da ƙamshin gyaɗa, ɗan kore-kore, babu garas. Hamida ta shanye ta lashe ludayi.

Ba a yi wata guda ba sai ga Sufyanu da buhu a bayan kabu-kabu. A lokacin dakan dutse ya shiga kowane gida. Maza su kawo, mata su farfasa a turmi kafin a kai inji, kowace ta sami nata. Ya sauke buhun a tsakar gida ya ce, "Luba, kawo turmin nan."

Na kife turmin na hau kai na zauna.

Ya ce, "Mi ke nan?"

Na ce, "Abin da ka gani, Malam."

"Duk matan garin nan suna yi. Ke kin fi su ne?"

"Ban fi kowa ba. Su ba su binne biyu ba."

Ya yi faɗa, ya ce ni ce nake hana gidansa arziki, ana yi masa dariya a majalisa, wai matarsa ta fi ƙarfinsa. Ya ce in ban tashi ba in tattara in tafi gidanmu. Na ce, "Madalla. Da turmina da ɗiyata zan tafi, kuma ko a tashar Bukkuyum zan zauna in yi dakana. Amma dutsen nan ba ya kwana inda Hamida take rarrafe." Ya tsaya yana dubana, ni ma ina dubansa, ban ko ƙifta ba. Can sai ya dubi yarinyar, tana zaune da ludayinta tana buga ƙasa, kumatunta sun fara dawowa. Ya saɓi buhunsa ya fita da shi. Da na ga na samu wannan sai na ƙara da wani: in ya dawo daga daji, ya wanke jikinsa a bakin rijiya, ya bar rigar aikin a waje, sannan ya ɗauki Hamida. Ya ce ni jaraba ce. Na ce na ji, ga sabulu.

Daga nan na zama abin nuni. In na fita ɗiban ruwa sai in ji ana cewa, "Ga Hajiya mai turmi nan." Gari ya cika da sababbin babura da rediyo, yara suna shan madarar gwangwani. Balaraba, matar Yaya Makau, ta tare ni a hanya da ɗanta Bilyaminu a goye, yaro tubarkalla kamar na jikin gwangwanin nan. Ta ce, "Har yanzu ganyen awakin ake ba 'yar tamu? In babu ne ki faɗa mana, a sammiki." Na ce, "Awakin ma kin ga sun rame?" Na wuce. Amma ba zan ɓoye ba, maganar ta ci ni. Akwai ranakun da nake daka, kafaɗuna kamar za su cire, in ce anya Luba, ba taurin kai ne kawai yake wahalar da ke ba?

Bayan girbi yara suka fara faɗuwa. Yaro yana wasa sai amai, sai jijjiga, ido ya kafe, jiki ya sandare. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sabon zazzaɓi ne. Aka yi rubutu, aka yi turare, aka kai wasu asibiti aka yi musu allurar zazzaɓi, a banza. A sati ɗaya aka fita da ƙananan gawa huɗu daga unguwarmu. Na biyar Bilyaminu ne.

Na je gaisuwa. Rabona da gidan tun ranar da muka yi faɗa. Ina shiga na ga ƙurar nan a kan komai, kan tabarma, kan murfin randa, cikin turmin Balaraba. Ita kuwa tana zaune jingine da bango, zanin goyon a cinyarta tana ta linke shi tana warwarewa. Magana ta taso mini har maƙogwaro. Na haɗiye ta, karo na farko a rayuwata. Na durƙusa na riƙe hannunta muka yi kuka tare, don na san abin da ake ji in an linke zanin goyo.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, ina tsakar gida na zuba wake a turmi, sai na ji sallama. Yaya Makau ne. Ya saɓo Rashida a kafaɗa, 'yarsa da ta rage, 'yar shekara uku, ga ƙwaryar gero a ɗaya hannun. Ya rame, idonsa ja. Daga bakin ƙofa ya tsaya kamar baƙo.

Ya ce, "Luba, na kashe injin tun shekaranjiya." Ya gyara Rashida a kafaɗa. "Tun jiya ba ta ci komai ba. Uwarta ba ta iya tashi. Ki ara mini turmin Inna."

Na ce, "Ba na ba da aronsa."

Ya sunkuyar da kai, ya juya zai tafi.

Na ce, "Ina za ka da ita? Kawo ta nan."

Na karɓe ta, jikinta da ɗumi amma idonta yana bina, na gode wa Allah. Na tsoma hannu a geron da ya kawo, na ɗago, tafina ya yi fari. Na ce ya kai shi ramin bayan gida, ya san labarin ramin ai. Na tuɓe wa yarinyar riga na jefa waje, na yi mata wanka har sau biyu, na ɗaura mata zanin Hamida. Na ce masa gobe da sassafe Bukkuyum za mu kai ta, kuma daga can gidana za ta dawo, ba ta sake kwana a gidan nan nasa sai an kwashe ƙasar tsakar gidan an zubar. Ban tambaye shi ko ya yarda ba. Shi ma bai ce a'a ba.

Garin da ya rage mini bai kai na yara biyu ba. Na zaunar da su a tabarma na ɗauki taɓarya. Bugu uku na yi, kantar hannuna ta tsage, jini ya fito. Na tsaya ina neman tsumma.

Sai na ji ƙarar ruwa. Yaya Makau ne a bakin randa, ya naɗe hannun riga yana wanke hannunsa da sabulu har gwiwar hannu. Ya ɗauraye, ya sake sa sabulu. Ya zo ya tsaya gaban turmin uwarmu, namiji mai gemu, mai injin da duk garin nan yake layi a gabansa, ya miƙo hannu.

Na ba shi taɓaryar. Bugun farko wake ya watse har gindin zogale. Hawaye yana bin gemunsa, bai share ba.

Na ce, "Ba haka ba, Yaya. Sassauta hannunka, ka saki a tsakiya. Ba dutse ba ne."

Na durƙusa ina tsince waken ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ci gaba da daka.